Kuɗin Ginin Makarantu: A Ba Iyayen Yara Ikon Sa Hannu

Duk wanda ya zaga makarantun firamare na gwamnati a ƙauyukan Kano, Katsina, Jigawa, Bauchi ko Sakkwato zai ga rubutu iri ɗaya a jikin bangon azuzuwa: sunan hukumar da ta ba da aikin ginin, da shekarar da aka yi shi. Zai kuma tarar da cewa da yawa daga cikin gine-ginen da ba su cika shekara goma ba tuni iska ta yaye kwanonsu, daɓensu ya farfashe, ƙofofinsu sun ɓalle, yara na zaune a ƙasa ko a gindin bishiya. Idan aka tambayi dalili, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin jami'ai ita ce rashin kuɗi. Gaskiya ne abin da ake ware wa ilimi bai isa ba. Amma akwai tambayar da ta riga wannan: kuɗin da ake da shi, komai ƙanƙantarsa, wa ke yanke shawarar inda za a kai shi, kuma idan aikin ya lalace wa ke da ikon tuhumarsa? A tsarin da muke kai yanzu, masu sa hannu a takardar biyan ɗan kwangila suna zaune a babban birnin jiha, kuma gwamna kaɗai suke tsoro. Iyayen da 'ya'yansu za su zauna ƙarƙashin rufin ba su da ta cewa ko kaɗan. A ganina nan ne tushen ɓarnar, kuma nan ya kamata gyara ya fara.

Yana da kyau mu tuna yadda tsarin yake a rubuce. Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a watan Satumban 1999, aka kafa masa doka a 2004. Dokar ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta kafa hukumar UBEC a Abuja, ta ware mata aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A kowace jiha akwai hukumar SUBEB, a kowace ƙaramar hukuma kuma akwai ofishin ilimi ƙarƙashin sakataren ilimi. Babban kaso na kuɗin UBEC tallafin gine-gine ne da jiha ba za ta iya taɓawa ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, wato naira ɗaya daga Abuja, naira ɗaya daga jiha, sannan ta gabatar da jadawalin ayyukan da za ta yi. Wannan jadawali shi ne zuciyar maganar, domin a cikinsa ake rubuta wace makaranta za ta sami sababbin azuzuwa, wace za ta sami katanga ko rijiyar burtsatse, wace kuma za ta jira wata shekarar. A ofishin SUBEB ake tsara shi, a can ake ba da kwangila, a can ake tabbatar da an gama aiki, a can ake biya.

Shugaban SUBEB gwamna ne ke naɗa shi, mambobin hukumar ma haka. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma shi ma naɗi ne daga sama, kuma sau da yawa ladan siyasa ne. Shugaban makaranta yana ƙarƙashin sakataren ilimi, wanda zai iya ɗauke shi zuwa ƙauyen da ya fi nisa a rana ɗaya idan ya cika ƙorafi. Kowa a wannan jeri sama yake kallo, babu wanda makomar aikinsa ta rataya a kan gamsuwar mutanen garin da makarantar take. Abin da ya ƙara ba ni takaici shi ne dokar 2004 ba ta manta da iyaye ba wajen hukunci. Ta tanadi cewa uban da ya ƙi tura ɗansa makaranta za a ja masa kunne a karon farko, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu. An ɗora wa uba wajibcin kai ɗansa aji, amma ba a ba shi haƙƙin sanin nawa aka kashe wajen gina ajin, ko ƙin amincewa da shi idan an yi algus a simintin.

Sakamakon wannan rashin tuhuma yana bayyana tun kafin a aza tubali. A ƙarshen 2024 shugaban UBEC na lokacin, Dakta Hamid Bobboyi, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawa cewa fiye da naira biliyan 135 na tallafin shekarun 2020 zuwa 2023 na nan jibge, jihohi ba su zo sun karɓa ba. Wannan na faruwa a ƙasar da asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a arewa. Gwamnan da ya bar rabon jiharsa a Abuja ba ya asarar komai a siyasance, saboda talakan da abin ya shafa bai ma san kuɗin na nan ba. Da a ce kowace mazaɓa ta san cewa azuzuwa kaza ne aka hana ta saboda jiha ba ta ajiye nata kason ba, da maganar ta zama abin tambaya a dandalin yaƙin neman zaɓe.

Idan kuma an karɓo kuɗin, wanda ke nesa da makaranta ba abin da makaranta ke buƙata yake gani ba. Abin da ya fi sauƙin bayarwa kwangila yake gani. Gina sabon jerin azuzuwa uku aiki ne mai tsoka, ana yanka masa kirtani, ana ɗaukar hoto. Maye gurbin kwano goma da iska ta kwashe, ko gyara banɗakin 'yan mata, ko sayen benci arba'in, ƙananan ayyuka ne da babu ɗan kwangilar da zai taso daga birni dominsu. Shi ya sa ake samun makaranta mai sabon gini a gefe, tsohon gini kuma na rubewa a ɗaya gefen, alhali kaso kaɗan na kuɗin sabon zai ceto tsohon. Damina ɗaya ta isa ta mayar da ƙaramin yoyo ya zama rushewar bango. Kuma banɗaki da ruwa, waɗanda ba su da kwarjini a takardar kasafi, suna daga cikin abubuwan da ke sa yarinyar da ta fara girma ta ci gaba da zuwa makaranta ko ta daina. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa mun damƙa gyaran ɗakin ga wanda bai taɓa kwana a cikinsa ba.

Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina sun isa misali. An buɗe ta farko a Gagi da ke Sakkwato a watan Afrilun 2012, aka gina fiye da 150 a faɗin ƙasar, galibi a arewa, da biliyoyin naira. Manufar mai kyau ce, amma a wurare da dama ba a zauna da alarammomin da ake son su kawo almajiransu ba, ba a kuma daidaita da jihohi kan wanda zai ciyar da yaran ya biya malamai ba. Cikin 'yan shekaru jaridu suka riƙa kawo rahoton yadda da yawansu suka zama kufai ko aka mayar da su wani abu daban. Haka ma ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, waɗanda hukumar ICPC ta fara bin diddiginsu a 2019, ta kuma gano azuzuwan da aka biya kuɗinsu ba a gama ba, da waɗanda aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. A duka biyun cutar ɗaya ce: gini ya sauko daga sama, babu wanda ke ƙasa da yake jin nasa ne, babu kuma wanda aka ba ikon cewa bai yarda ba.

Abin lura shi ne ba ma buƙatar ƙirƙiro sabuwar hukuma. Kimanin shekara ashirin ke nan da majalisar ilimi ta ƙasa ta amince a kafa kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, a kowace makarantar gwamnati. A cikinsa akwai shugaban makaranta, wakilan malamai, na iyaye, na mata, na ɗalibai da tsofaffin ɗalibai, wakilin mai gari, malaman addini da masu sana'ar hannu. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya horar da irin waɗannan kwamitoci a Kano, Kaduna da Jigawa. Shirin NIPEP, wanda ya fara a 2015 a Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato, ya tura ƙananan tallafi kai tsaye zuwa asusun makarantu, shirin AGILE na Bankin Duniya ma ya bi wannan hanya tun daga 2020 domin makarantun 'yan mata. Wato an gwada, an kuma ga kwamitocin na iya riƙe asusu, su ɗauki magini na gari, su kawo rasit. Matsalar ita ce duk wannan ya dogara ga bashi ko taimakon waje. Da wa'adin shiri ya ƙare, asusun ya bushe, kwamitin ya koma taron da ake kira idan baƙi za su zo. Babban kuɗin, wato na UBEC da jiha, galibi ba ya bi ta hannunsu, ba a ma neman sa hannunsu a kansa.

Abin da ya faru a Uganda ya nuna ƙarfin sani kaɗai, tun kafin a zo maganar iko. Wani binciken bin sawun kuɗi da aka yi a can ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kimanin kashi 13 cikin ɗari ne kawai na tallafin da gwamnati ke aika wa makarantun firamare yake isa gare su. Sauran yana narkewa a ofisoshin gundumomi, kuma makarantu da yawa ba su san ma an aiko musu komai ba. Gwamnati ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa inda kowa zai gani. Zuwa 2001 abin da ke isa makarantu ya haura kashi 80 cikin ɗari. Masana sun yi muhawara kan ko jaridun kaɗai ne suka kawo canjin, tun da an yi wasu gyare-gyare a lokaci guda, amma binciken ya nuna makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida sun fi samun ƙaruwa. A wurinmu rediyo ya fi jarida isa ga jama'a, ga kuma wayar hannu a kowane ƙauye.

Saboda haka abin da nake kira a yi ba mai wuya ba ne. Jadawalin ayyukan da SUBEB ke kai wa UBEC ya fito fili da Hausa, makaranta bayan makaranta, da kuɗin kowane aiki da sunan kamfanin da aka ba, a karanta a gidajen rediyon jiha, a liƙa a ƙofar makarantar da abin ya shafa. Jadawalin kuma ya samo asali daga buƙatun da kwamitocin makarantu suka rubuta, ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya tattara su a zama na bainar jama'a. Kowace makaranta ta sami ɗan kuɗin gyara na shekara a asusunta, gwargwadon yawan ɗalibanta. Mafi muhimmanci, kada a biya ɗan kwangila kason ƙarshe na kuɗinsa sai shugaban kwamitin makaranta da wakiliyar mata sun sa hannu, tare da injiniyan hukuma, cewa an gama aikin kamar yadda aka rubuta. Wannan sa hannun shi ne zai juya fuskar ɗan kwangila daga ofis zuwa gari.

Za a ce mutanen ƙauye ba su yi boko ba, ina su ina duba aikin injiniya? Wannan magana tana raina abin da mutane suka sani. A kowane gari akwai magini da kafinta da suka san buhun siminti nawa ya kamata a zuba a yashi, suka san katakon da gara za ta cinye a shekara biyu, suka san kaurin kwanon da zai jure iskar farkon damina. Waɗannan mutane su ne ke gina masallatan Juma'a da makarantun Islamiyya da kuɗin karo-karo, kuma gine-ginen suna tsaye shekara da shekaru. Ba a ce su zana taswirar bene ba. Zanen gini, ƙa'idar tushe da ƙarfin rodi aikin ƙwararru ne, kuma ya kamata ya zauna a hannun jiha. Amma ƙirga tagogi, da tabbatar da cewa benci sittin da aka rubuta sittin ɗin aka kawo, ba ya buƙatar digiri.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a yi masa amsar wuce-wuri ba. Ana cewa idan aka sauko da kuɗi ƙasa, sata ce kawai aka rarraba: mai gari zai naɗa ƙaninsa shugaban kwamiti, kansila zai sa yaransa, shugaban makaranta zai rubuta rasit na bogi. Hakan na faruwa, kuma zai ci gaba da faruwa muddin kwamitin naɗi ne. Maƙwabtanmu na Nijar sun fuskanci wannan. Kwamitocin makarantunsu na COGES sun fara da rauni, sai wani shiri da hukumar JICA ta Japan ta tallafa, wanda ya soma a jihar Tawa a 2004, ya sa aka riƙa zaɓen shugabannin kwamiti ta ƙuri'ar sirri a taron gari, ana kuma karanta lissafi a gaban jama'a. Daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa ƙasar baki ɗaya. A Indunusiya ma wani gwaji ya nuna ba kwamiti kuɗi kaɗai bai inganta karatun yara ba, amma inda aka zaɓi mambobin aka kuma haɗa su da majalisar ƙauye, sakamakon yara ya ɗaga. Darasin a fili yake: kuɗi ba tare da zaɓe da lissafi a bainar jama'a ba ba zai yi aiki ba. Sannan ɓarawon da ke zaune a gari ɗaya da waɗanda ya cuta, yana sallah da su, yana zuwa sunansu da jana'izarsu, ya fi sauƙin kamawa da kunyatawa a kan wanda ba a san fuskarsa ba.

Dole kuma a faɗi iyakar abin da wannan gyara zai iya. Wani bincike da aka yi a jihohin Tawa da Damagaram na Nijar kan tallafin da aka ba kwamitocin makarantu ya nuna iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, amma makin jarrabawar yara bai tashi ba. Iyaye na iya lura da rufi da rijiya, amma da wuya su iya gyara malamin da bai iya abin da yake koyarwa ba. Jihar Kaduna ta sallami malaman firamare kusan 22,000 bayan jarrabawar da ta yi musu a 2017, kuma duk yadda mutum ya ɗauki wannan mataki, ya nuna ingancin malami matsala ce da ta fi ƙarfin kwamitin ƙauye. Ɗaukar malamai, horar da su, manhaja da jarrabawa aikin jiha ne da tarayya. Kirana ya tsaya kan abin da ido ke gani kuma hannu ke taɓawa, wato gini, kayan aiki da kuɗin da aka ce an kashe a kansu.

Akwai masu ganin hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya riga ya warware matsalar, tun da tsarin mulki ya ba su hannu a harkar ilimin firamare. Ban yarda ba. Ƙungiyar malamai ta NUT ba ta manta da abin da ya biyo bayan 1991 ba, lokacin da aka rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, albashi ya riƙa maƙalewa wata da watanni har aka dawo da hukumar a 1993. A 2025 ma malaman firamare na birnin tarayya sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin Abuja ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi ba. Ɗauke iko daga ofishin gwamna a kai ofishin shugaban ƙaramar hukuma canjin maigida ne kawai, musamman a jihohin da jam'iyya mai mulki ke lashe kowace kujera a zaɓen ƙananan hukumomi. Albashin malamai ya zauna inda ya fi aminci. Abin da ya kamata ya sauko har ƙasa shi ne ikon gani da ikon ƙin amincewa, kuma ya wuce sakatariyar ƙaramar hukuma ya isa harabar makaranta.

Haka batun manufofi yake. Gwamna zai sanar da ilimi kyauta, ya haramta karɓar ko sisi daga iyaye, jama'a su yi murna. Amma idan ba a aiko kuɗin alli, rajista da gyaran famfo ba, shugaban makaranta ya shiga tsaka mai wuya: ko ya karya doka ya karɓa a ɓoye, ko ya bar makaranta ta tsaya. Da kwamitocin makarantu na da kujera a inda ake tsara irin waɗannan manufofi, da wani ya yi wannan tambaya kafin a yi sanarwa.

Kowace jiha tana da dokarta ta SUBEB, kuma majalisar dokokin jiha na iya gyara ta ba tare da jiran Abuja ba. Jihar Kano, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, da sauran jihohin da ke ware manyan kuɗaɗe don gyaran makarantu, su ne suka fi dacewa su fara, domin yanzu ne kwangiloli ke fita. Ina kira ga 'yan majalisun jihohinmu su sa sharuɗɗa uku a doka: zaɓen kwamitin makaranta ta ƙuri'ar sirri, buga jadawalin ayyuka da kuɗinsu da harshen da jama'a ke ji, da hana biyan ɗan kwangila sai da sa hannun kwamitin. Kai kuma mai karatu, idan ɗanka ko ƙaninka na makarantar gwamnati, ka je ka tambayi shugaban makarantar su wane ne mambobin kwamitin, yaushe suka yi zama na ƙarshe, kuma nawa aka kashe a ginin da ke ɗauke da sunan hukuma a bangonsa. Idan ya ce bai sani ba, ku haɗu da sauran iyaye ku rubuta wa sakataren ilimi da ɗan majalisarku takarda, ku nemi amsa a rubuce.